Kada a sayar da matattun rediyoyi a kilo

A Barmu da sauran garuruwan arewacin Adar akwai dattawa da yawa masu tsohon akwatin rediyo, National ko Philips, wanda suka sawo sa'ad da suke tafiya bida Abijan. Da irinsu aka saurari Rediyon Nijar, wanda aka buɗe a 1958. Yau mafi yawansu sun yi shiru, kuma sau da yawa abin da ya kashe su bai kai girman ƙwayar wake ba.

Mai gyara a Tawa ya san ciwon: ruwan pil ya ci ƙarfen mazauninsa, zaren da ke jan allurar tasha ya tsinke, ko zafi ya busar da kondansater. Kondansater sabo yana samuwa, in an dubi lambar da ke jikin tsohon. Sauran kayan ne wahala. Ku ɗauki ƙusa mai murɗi, wadda masu gyara ke kira bis. Kafin 1967 masana'antun Japan suna yanka ta milimita 3 da tazarar murɗi 0,6, daga baya suka koma 0,5 kamar sauran duniya. Ido ba ya raba su. Wanda ya tilasta sabuwa cikin tsohon rami ya cinye murɗin, murfi ba zai sake kamawa ba. Haka tiranzisto: na farko na jamaniyam ne, yana tashi da wajen bolt 0,2, na yanzu na silikon sai 0,6. In an musanya su ba lissafi, murya ta fito a shaƙe, mai rediyo ya ce an cuce shi, alhali mai gyara bai yi nufin cuta ba.

To, ina za a samu na daidai? A cikin mataccen rediyo ɗan'uwansa. Maɓalli, da bis, da sandar eriya, duk suna nan lafiya. Amma masu sayen ƙarafa suna bin gida gida, yara na miƙa musu akwati a kan kuɗin alewa.

Muna roƙon magadan gari da shugabannin cibiyoyin koyon sana'a su ware ɗaki guda a tara waɗannan matattu, a rubuta sunan kowane da lambarsa cikin littafi. Wannan aiki ne da wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci zai iya riƙewa. Mai gyara ya zo da lamba, a duba littafin, a ciro masa abin da yake bida.