Yis Ɗin Burodi Da Gonar Wake A Lausu

Duk wanda ya ga mai burodi yana zuba yis a cikin kwaɓi ba zai zaci yana da wani aiki bayan kumbura fulawa ba. Amma yis halitta ce mai rai, kuma masana sun daɗe da sa shi bauta.

A 1983 ne Andrew Murray da Jack Szostak na Amurka suka ƙera kuromosom na hannu, watau igiyar da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, suka sa ta cikin yis. A 1987 kuma David Burke da Georges Carle da Maynard Olson suka nuna ana iya ɗaura wa igiyar dogon yanki na gadon wata halitta, ko da na ɗan Adam ne. Duk sa'ad da yis ya hayayyafa, sai ya kwafi baƙon yankin tare da nasa, har guda ɗaya ya zama miliyoyi. Dabarar ta taimaka wajen zana taswirar gadon ɗan Adam, aikin da aka soma a 1990 aka kammala a 2003, ko da yake daga baya an fi dogara ga bakteriya domin yis yakan cakuɗa yankuna.

To, ina ruwan manomin Lausu, a ƙasar Rano, da wannan? Amsar tana gonarsa. A 2019 aka fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Ba da yis aka yi shi ba, amma ilmin ɗaya ne: an ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa aka dasa masa, domin ta kashe tsutsar da ke huda kwanso.

Abin lura shi ne, a Ostareliya aka yi dashen, masanan Samaru suka ɗora daga nan. Wanda ya hau dokin aro kuwa, dole ya sauka. Lalle ne Gwamnatin Tarayya ta wadata jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da kayan gwaji da wutar da ba ta yankewa, ɗalibai su koyi aikin da hannunsu. Malaman gona kuma su yi wa manomin Rano da Kibiya bayani da Hausa, ya san abin da zai shuka tun kafin ruwan shuka ya sauka.