Kwanan Daji Da Harbin Faifan Yumɓu

Mutumin da ya tashi a ƙasar Katsina ko Sakkwato, ya saba jin gangar mafarauta da rani bayan an kau da amfanin gona, ba ya rasa kewar daji in zama ya kama shi a Ikko. Daga Agege zuwa Oshodi ido ba ya ganin kome sai gada da mota da cinkoson jama'a. Don haka ba laifi ba ne abokai su haɗa guzuri, su ɗauki tanti da tabarmi, su fita bayan gari su kwana biyu. Gardama tana tashi ne sa'ad da wani ya ce a tafi da bindiga.

Turawa sun daɗe da samar wa wannan sha'awa mafita. A da tattabaru suke saki daga akurki suna harbi, har Ingila ta hana a 1921. Tun wajen 1880 kuwa wani mutumin Amurka, George Ligowsky, ya ƙera faifan yumɓu wanda ake cillawa sama, maharbi ya bi shi da baki ya tarwatsa. Faɗinsa santimita 11 ne kawai, bai kai faifan rufe ƙwarya ba. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Faris a 1900. Gwani ya nuna gwanintarsa, fakara da zabon daji, waɗanda dama sun yi ƙaranci, su tsira da ransu.

To, amma yumɓu ba ya sauke wa kowa nauyin doka. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasin. Shi kuma wasan a keɓaɓɓen fili ake yinsa, kowa ya fuskanci gefe guda, ba a gonar goron wani ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar gida daga Fatakwal don yin Salla. Ganin bindigoginsu aka kira su masu satar mutane, aka kashe 16. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma hanyoyin Kudu ba su huce ba.

Saboda haka masu niyyar kwanan daji su fara sanar da Sarkin Hausawa, su gai da mai garin da za su sauka, su leƙa ofishin 'yan sanda. In babu lasin, bindiga ta zauna gida, naman gashi kuwa a saye shi a mahautar Oko-Oba kafin a kama hanya.