MAGANIN BINDIGA: Boka Na Cin Kuɗi, Iyaye Na Binne 'Ya'ya

A watan Oktoban 2022, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kaiama ta jihar Kwara, wasu yara biyu 'ya'yan wani maharbi suka samo abin da aka ce masu maganin bindiga ne. Babban ya ɗauki adakar mahaifinsu ya auna ƙanensa mai shekara 12 don su gwada. Nan take yaron ya ce ga garinku nan. Kafin wannan, a watan Janairun 2018, 'yan sanda a jihar Katsina sun kama wani mai magani bayan da ya ɗirka wa wani bawan Allah jiƙo ya sha, aka harbe shi don gwaji, ya mutu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada mai karatu ya ce ai Kwara da nisa, Katsina ma ba nan kusa ba. Abin da ya kashe waɗannan mutane yana nan kwance a ƙasar Haɗejiya, a cikin rigar maharbin da ke bin dinya da kirinjijiya a fadamun Guri da Kirikasamma, da damtsen manomin da ke kwana gadin shinkafarsa, da ƙugun saurayin da aka ɗauka aikin sintiri aka miƙa masa bindigar toka. Waɗannan mutane ba abokan gabarmu ba ne, iyayenmu ne da ƙannenmu. Maharbin fadama ya san iska, ya san sawu, ya san lokacin da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suke sauka a dausayin Baturiya in damina ta ɗauke. Wannan ilmi ne na gaske. Amma an cakuɗa masa shi da wani abin da ba ilmi ba, kuma cakuɗin ne ke kai mutane kushewa.

Duk wanda ya zauna da masu bindigar gargajiya ya ji irin waɗannan maganganu. Wai akwai kau-da-bara, wanda in an auna ka harsashi zai kauce. Wai akwai sagau da ke sandarar da hannun mai nufinka da makami. Ga baduhu, ga layar zana, ga wanda ake cewa in an harbe ka bindigar ruwa za ta zubar. Ita kanta bindigar ba a bar ta haka ba, an ɗaure mata gindi da layu da wuri da jan ƙyalle, wasu har jinin naman farko suke shafa mata. In mace ta ƙetare ta, ta lalace. In mai haila ta taɓa ta, ba za ta ƙara cin nama ba. In aka fita aka dawo hannu rabbana, to wani ne ya ɗaure mata baki, ko kuwa mutanen ruwa ne ba su so ba.

To, wai shin daga ina wannan imani ya samo ƙarfinsa? Mutanenmu ba wawaye ba ne, da idonsu suka ga an harbi mutum bai faɗi ba. Sai dai amsar tana cikin bindigar, ba cikin layar ba.

A duba yadda adaka take. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a tura tsumma a danna, a zuba dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a sake dannawa. Sannan wuta ta bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ta isa ga albarushin, ko daga tartsatsin ƙanƙara irin na da, ko daga abin da ake ɗorawa kunama ta sara, wanda wasu da kan ashana suke haɗa shi. Kowane mataki a nan yana iya ɓaci. Albarushi maƙiyinsa laima, ga shi mu a bakin kogi muke, raɓa da sassafe, ruwa har gwiwa, kwalekwale na yoyo. In ya sha danshi sai ya ƙi kamawa, ko ya yi fuu da hayaƙi ba ƙarfi, dalmar ta fito a gajiye ta bugi riga mai kauri ta faɗi. Ƙurar da albarushi ke bari a cikin bututu ita ma tana jan laima, in aka bar bindiga ba wanki sai ka ga baƙin ruwa na ɗiga daga bakinta. Ga asalin "bindiga ta zubar da ruwa". Kuma cikin bututun sumul yake, babu zaren da ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe kamar na bindigar zamani, don haka in abin hari ya ɗan yi nisa, dalma sai inda ta ga dama. Ga kau-da-bara. Sojojin Turai ma, lokacin da irin wannan bindiga suke riƙewa, jeruwa suke yi sahu-sahu su saki wuta gaba ɗaya, don sun san mutum guda ba shi da tabbacin samun abin da ya auna.

Ashe ke nan bindigar ce ke kasawa, boka na karɓar yabo. In an harbe ka ta ƙi tashi, magani ya ci. In ta tashi ta kuskure, magani ya ci. In kuwa ta same ka, ai sai a ce ka karya sharaɗi: ka ci kuɓewa, ko ka kusanci iyali, ko ka waiwaya. Wanda ya mutu ba ya dawowa ya ƙaryata, wanda ya tsira shi ke yawo yana talla. Wace sana'a ce a duniya ta kai wannan daɗi, wadda mai ita ba ya taɓa yin asara?

Mu mutanen Haɗejiya bai kamata a yi mana wannan wayo ba, don tarihinmu ya riga ya ba da amsa. Ranar 25 ga Afrilun 1906 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta shigo birnin da igwa da bindigar Makzim mai aman harsashi ɗaruruwa a minti guda. Sarki Muhammadu, wanda har yau muke kira Mai Shahada, ya ƙi miƙa wuya, ya tsaya aka kashe shi tare da manyan jarumawansa. Jama'a, in da akwai maganin bindiga a ƙasar nan, wa ya fi Sarkin Haɗejiya ikon mallakarsa? Wane malami ko boka ne zai aika a kira ya ƙi zuwa? Ko Sarki Buhari, wanda ya gagari rundunar Sakkwato, a fagen fama ya rasu a Gogaram ta ƙasar Bade a 1863. Darajar waɗannan mutane ita ce sun san ƙarfe na kisa, suka tsaya duk da haka. Wanda ya ce da asiri suka dogara, ya rage masu girma ne bai sani ba.

A daidai wancan lokaci, daga 1905 zuwa 1907, mutanen ƙasar da a yau ake kira Tanzaniya sun yi wa Jamusawa tawaye. Wani mai suna Kinjikitile ya raba masu ruwan da ya ce zai mai da harsashi ruwa, har sunan yaƙin ya zama Maji Maji, wato ruwa a harshen Suwahili. Zaluncin da suka tashi a kansa gaskiya ne, jarumtarsu ma gaskiya ce, amma a Mahenge suka tunkari bindigogi masu aman wuta aka yi ta zubar da su. Tsakanin yaƙin da yunwar da Jamusawa suka haddasa da gangan, dubun dubatar rayuka suka salwanta. A nan gida kuwa, dattawa ba su manta da Disambar 1980 a 'Yan Awaki ta Kano ba. Almajiran Maitatsine sun fito da layu da guraye suna ganin harsashi ba ya cin su. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙirga mutum 4,177 da suka mutu, shi kansa Muhammadu Marwa raunin harbi ne ajalinsa. Kada kuma wani ɗan boko ya ɗaga hanci ya ce wannan duhun kan baƙar fata ne: a ƙarni na 17 sojojin haya a ƙasar Jamus 'yan takardu masu zane suke saye suna haɗiyewa don kada dalma ta huda su. Duk inda bindiga mai yawan ƙin tashi ta je, wannan kasuwa ta bi ta.

Sai mu zo ga abin da ya fi komai nauyi ga Musulmi. Manzon Allah (S), wanda babu mahalukin da ya kai shi kusanci da Ubangiji, sulke biyu ya sanya ranar Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. Duk da haka aka fasa masa haƙori, aka ji masa rauni a fuskarsa mai albarka. A ranar ne mashi ya kashe baffansa Hamza. A shekara ta 5 da ƙungiyoyin kafirai suka nufo Madina, rami aka haƙa bisa shawarar Salmanul Farisi, shi da kansa yana ɗaukar ƙasa. Sayyidina Umar wuƙa ce ta kashe shi, Sayyidina Ali takobi. Shin akwai wata addu'a ko wani sirri da aka ɓoye wa waɗannan, aka bayyana wa wani mai shimfiɗa a gefen kasuwa? Na san malamai sun yi saɓani tun da can game da rataya ayoyin Alƙur'ani a jiki, wasu sun halatta wasu sun hana, kuma ba wannan muhawara na zo tayarwa ba. Addu'ar neman tsari kuwa umarni ne. Amma ba a taɓa samun malamin kirki da ya ce ka tsaya gaban bakin bindiga ka ce a harba don a ga ko rubutu ya kama ba. Balle layar da in an farke ta sai a tarar da gashin dabba da sunayen aljanu, ko maganin da sharaɗinsa a yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya, wal iyazu billah. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, sunansa shirka.

Ƙananan camfe-camfen ma da ake gani kamar ba komai, suna da nasu ta'adin, domin suna rufe ainihin dalilin haɗari. Wasu, in aka duba, hikima ce aka sa wa rigar tsoro. Hana ƙetare bindiga da hana kowa taɓa ta daidai ne, tun da adaka in an ɗura ta ba mai iya ganewa da ido, kuma yawanci a ɗure ake jingine ta. Laifin shi ne da aka ɗora abin a kan mace. Sai mutum ya tsare bindigarsa daga matarsa, amma ya bar ta a ɗure a zaure inda yara ke wasa.

Haka in bindiga ta fashe ta cire wa mutum yatsu, kafin a kai shi asibiti an riga an nemo wanda ya yi masa jifa: kishiyar uwa, ko abokin takarar sarautar farauta. Ba mai tambayar da wane ƙarfe aka ƙera ta, alhali da yawa daga bututun ruwa ko na sitiyarin tsohuwar mota ake yin su, tsatsa na ci ta ciki shekara da shekaru. Ba mai tambayar ko an ɗura sau biyu, wanda yakan faru in ta ƙi tashi mutum ya manta ya ƙara wani a kai. Ba mai tambayar ko dalmar ta zauna daram a kan albarushi ko an bar rata a tsakani, ko kuwa an farke harsashin zamani an juye garinsa a ciki don neman ƙarfi, garin da bututun adaka ba zai iya ɗaukarsa ba. Akwai kuma jinkirin tashi: ka ja kunama shiru, wutar na ci a hankali, mai ita ya ce an ɗaure mata baki, ya juyo ta ya leƙa. Akwai garwashin da ke saura a ciki bayan harbi, a yi gaggawar zuba sabon albarushi daga gora, gorar ta tashi a hannu. Wannan na ƙarshe 'yan bindigar hawan Sallah ya fi shafa, don su ne ke ɗuri da sauri a tsakiyar jama'a da dawaki. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da magani, kuma kyauta ne: wanke bututu, busar da albarushi, auna shi da ma'auni guda, jira in ta ƙi tashi da bakinta a inda ba mutum. Amma wanda aka cusa wa cewa sammu ne, wajen boka zai koma, ya bar tsatsar yadda take, ya bar zumunci a ɓace.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne bindigar da camfin ya girma a kanta ba ita ce a hannun ɓarayin yau ba. AK-47 harsashi 30 take ɗauka a gida guda, garinta a rufe yake cikin kwanso ruwa ba ya isa gare shi, harsashinta na tafiyar sama da mita 700 a daƙiƙa ɗaya. Ba ta san raɓa ba. Saurayin da aka tura da harba-ka-ruga, wanda in ya saki ɗaya sai ya tsaya ya sake ɗuri, in ya san haka zai nemi mafaka, ya jira 'yan uwansa, ya sanar da hukuma. In kuwa an gaya masa ƙarfe ba ya cin sa, tsaye zai miƙe. Duk shugaban 'yan sintiri ko mai gari da ya tara kuɗin jama'a ya kai wa mai magani maimakon fitila da takalmi da waya, ya sani yana da kaso a jinin yaran nan. Wanda ya harbi ɗan uwansa da sunan gwaji kuwa ya yi kisa, a shari'a da dokar ƙasa, yardar mamacin ba ta wanke shi.

Limamanmu na Auyo da Birniwa da Kafin Hausa da Malam Madori da Kaugama su ɗauki wannan a huɗuba da sunansa, ba da habaici ba. Shugabannin mafarauta da na 'yan bindigar fada su sa a riƙa duba bututun kowace bindiga, wadda ta ci tsatsa a ajiye ta, kuma a haramta gwajin magani a jikin mutum a cikin ƙungiya, wanda ya yi a kore shi a miƙa shi ga hukuma. Mai maganin da ya nace nasa na gaske ne, ba sai an yi jayayya da shi ba. A samo kabewa, ya ɗaura mata layar da hannunsa, ya shafe ta da jiƙon, a kai ta bayan gari inda ba kowa a auna ta a gaban mai gari. Za ku ji ya ce ai maganin ba ya aiki sai a jikin ɗan Adam. To a tambaye shi, ɗan wa?