Tsakanin Turmin Ƙofar Ran Da Ɗakin Haya Na Agege

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Bauchi, wajejen Ƙofar Ran, ya san mace mai juna biyu ba ta rasa abin da zai motsa mata jiki. Ga shara, ga surfe, ga jan ruwa a rijiya, tsakar gida kuma da faɗi. Ranar awo ta taka da ƙafarta zuwa asibitin haihuwa. Amma da zarar miji ya ɗauko ta zuwa Agege ko Sabon Ibadan, sai duniyarta ta koma ɗaki ɗaya na haya. Maigida ya fice tun asuba, ita ko ta yini bisa tabarma, shi a ganinsa gata ya yi mata.

To, wannan gata akwai gyara a cikinsa. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mai cikin da ba ta da wata matsala ta sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki kowane mako, watau rabin awa sau biyar. Ba guje-guje ake nufi ba. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda za ta iya yi tana hira numfashi bai sarƙe ba. Yin haka yana rage hatsarin ciwon sukari na masu ciki, da hawan jinin da kan kai mace ga jijjiga. Saboda haka magidancin da ba ya son iyalinsa ta fita ita kaɗai, sai ya raka ta da kansa bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, da gorar ruwa a hannu. Abokan majalisa za su yi masa ba'a kwana biyu, su gaji su bari.

Sai kuma batun goyon ciki. In ciki ya tsufa aka mai da ita Bauchi wurin iyayenta, nan ma da sauran rina a kaba, domin tsofaffi sukan ce aiki shi ke kawo sauƙin naƙuda, su miƙa mata taɓarya. Rabin maganar gaskiya ce. Amma wadda ta yi wata shida a zaune, ba a fara ta da daka cikin garjin rana ko ɗaukar tulu. Da kaɗan-kaɗan ake somawa, bayan ungozomar asibiti ta duba ta ta amince.

In ta ga jini, ko ruwa ya ɓalle, ko jiri ya ɗebe ta, ko ciwon ƙirji, ko mara ta riƙa murɗawa, sai ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Abin tsoron shi ne mai cikin fari, wadda kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Wajibi ne mijin ya lissafa wa wata yayarta ko gwaggonta waɗannan alamu tun kafin motar ta tashi daga tasha.