Takardar Koke Kan Ɓeraye, Sauro da Macizai a Unguwar Kado

Zuwa ga Darakta,
Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB,
Babban Birnin Tarayya.

Ranka ya daɗe,

Mu magidanta da iyayen gida da 'yan haya mazauna Kado, tun daga rukunin gidajen Kado Estate zuwa Kado Kuchi da layukan da ke kewayen kasuwar kifi, mun kawo kukanmu gare ka. Dokar 1997 da ta kafa hukumarka ta ɗora mata kula da tsaftar wannan birni, shi ya sa ba mu kai kukan wani wuri ba.

Da wuya ka shiga gida a unguwar nan ka tarar ba a yi iya ƙoƙari ba. An sa raga a tagogi, an rataya gidan sauro, an toshe ramuka da siminti, an ɗana tarko, an shimfiɗa gam ɗin ɓera a bayan firji. Duk da haka kullum jiya i yau, domin abin da muke yaƙa ba a cikin gidajenmu yake hayayyafa ba. A bayan katangarmu yake, inda hannunmu bai isa ba.

Filaye ne da masu su suka kewaye suka tafi, shekara da shekaru ba a ga ƙeyarsu ba. Kafin watan Agusta ciyawa ta shanye tsayin mutum. Ga kangayen da aka tsaya da gininsu, da ramukan sokawe a buɗe da tankunan da magina suka bari cike da ruwan sama. Sauro kuwa kwana goma ko ƙasa da haka ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara shawagi, damina a Abuja kuma tun daga Afrilu take kaiwa Oktoba. Magudanan ruwa sun cushe da ledar fiya wata da yashi. Motar kamfanin da ke kwashe mana shara takan yi jinkiri har durom ya cika ya tumbatsa, wasu kuma su bi dare su juye tasu a kango. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne da kanmu, tare da masu kangayen nan, muke dafa wa ɓera abinci.

Ba cin buhun shinkafa ko tsinke wayar lantarkin mota ne ya fi tayar mana da hankali ba, ko da yake su ma asara ce. Zazzaɓin Lassa muke tsoro. An gano cutar a garin Lassa na jihar Borno a 1969, daga baya kuma aka san wani ƙaramin ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ita, yana barinta a fitsari da kashinsa a kan abinci da kwanuka. Hukumar NCDC, wadda hedkwatarta ke nan maƙwabtanmu a Jabi, kowace shekara tana gargaɗi cewa cutar ta fi ƙamari da rani. Lokacin ne kuma masu gadin kangaye ke cinna wa busasshiyar ciyawa wuta don su huta da sara, sai duk abin da ke cikinta ya tsallako katanga ya faɗo mana. Inda ɓera ya yi yawa maciji na biye da shi. Mata sun daina aiken yara bayan gida da magariba, masu ɗan lambun alayyafo da tumatir kuma sai sun buga sanda kafin su sa hannu.

Gara ma ba ta bar mu ba. Daga surin da ke kango take bi ta ƙarƙashin ƙasa ta cinye katakon ƙofa da na rufi, ta kashe dashen mangwaro da gwaiba.

Akwai wani abin da ya fi waɗannan haɗari, shi ne maganin da muke amfani da shi. Da mutane suka gaji da kyankyaso da kuɗin cizo, sai suka koma ga guba. Sniper maganin ƙwarin gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan unguwa, amma har yau ana yayyafa shi a ƙarƙashin gado, a rufe ƙofa, bayan awa ɗaya a kwantar da jariri. Haka nan ota-fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalba babu suna babu bayani. Wasu ma ƙwayar adana hatsi suke ajiyewa a ɗakin kwana, alhali iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Ga samari masu yawo da injin feshi a goye, ba takardar izini, ba abin rufe hanci, ka tambaye su me suka haɗa su ce "mai ƙarfi ne, Alhaji." Gubar ɓera kuma takan fara da kyanwa da kaji, wato ta kawar da mai taimakonmu, sannan ɓeran ya je ya mutu a silin, gida ya ɗauki wari na mako guda. Bayan wata ɗaya kyankyaso ya dawo, domin lambatun da ya fito daga ciki yana nan yadda yake.

Saboda haka muna roƙo, ranka ya daɗe, a turo jami'an duba-gari su zagaya Kado layi-layi, su rubuta kowane kango da kowane rami mai ruwa. Iyayenmu a Kano da Zariya sun san duba-gari da leƙa randa da masai, mu kuwa kango kaɗai muke roƙon a leƙa. A ba masu filayen wa'adi su share, da sara ba da wuta ba, kafin iskar hunturu ta kaɗa. Wanda ya ƙi, hukuma ta share ta caje shi kuɗin aikin. A yashe magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, a tsayar wa kamfanin shara ranakun zuwa, a kuma ƙara manyan mazubai masu murfi a gefen kasuwar kifi, inda ƙaya da kayan ciki ke taruwa kullum.

Muna kuma roƙon a fitar da sunayen masu feshin da ke da rajista, a liƙa a masallatai da majami'u da ƙofofin rukunin gidaje, a kuma haɗa hannu da NAFDAC a janye gubar da aka hana daga kantunan unguwa. In hali ya yi, a isar wa sashen lafiya na Birnin Tarayya buƙatarmu ta sanin asibitin da ya fi kusa da ke ajiye allurar dafin maciji.

A namu ɓangaren, mun amince mu ci gaba da biyan kuɗin shara a kan kari, mu fito aikin gayya Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kamar yadda ake yi a Kano, mu kuma ba da mutanen da za su raka jami'anka su nuna musu wuraren.

Allah ya taya riƙo, ya ƙara girma.

Mu ne naka,
Mazauna unguwar Kado, Abuja.