Kan ma'aikacin jinya ba rumbu ba ne

Duk lokacin da aka yi zancen ba ma'aikatan lafiya kwamfutar hannu mai taimaka musu wajen duba yara, sai wani ya taso da cewa na'ura za ta mai da su malalata, wai ilimin gaske a ka yake zama. Mai faɗin haka ya manta cewa ba kowane yaro ake kaiwa asibitin koyarwa na Parakou ko asibitin Ordre de Malte na Djougou ba. Yawancinsu ƙaramin asibitin ƙauye suke fara zuwa, gaban ma'aikaci ɗaya, ga iyaye mata sun cika benci tun da asuba.

To, me muke so ya haddace? A 2004 Benin ta yi watsi da kulorokin ta koma haɗin atimisinin. Daga baya allurar atesunet ta maye gurbin kinin wajen zazzaɓi mai tsanani. A 2024 rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya shigo da nasa jadawalin. Ga kundin PCIME na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF: ƙirga numfashi, duba kumburin ƙafa, auna dantse, lissafa magani bisa nauyin yaro. Duk wannan cikin 'yan mintoci, yaro na tsala kuka. Idan kai ya cika, hannu zai koma ga abin da ya saba, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta ga duk mai tari.

An gwada, ba hasashe ba ne. A Tanzaniya, manhajar ePOCT+ ta sa yaran da ake rubuta wa irin wannan magani suka koma kusan kashi 23 cikin 100, alhali inda babu ita kashi 70 ne, kuma warkewarsu ba ta ragu ba. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta daɗe da tata, IeDA, tare da ƙungiyar Terre des hommes.

Sai dai ina da magana da masu kawo na'urar su ma. A asibitocin Turai da Amurka, bincike ya nuna likitoci kan tsallake rabi, wani lokaci fiye da kashi 90, na gargaɗin da kwamfuta ke yi musu kan magunguna, saboda ta cika surutu. Mu 'yan rediyo mun san wannan: ka jera sanarwa ashirin, babu wadda za ta shiga kunne. Idan kuma aka ba ma'aikaci kwamfuta, aka bar masa rajistar takarda da rahoton ƙarshen wata ya cike su duka, kaya aka ƙara masa. Ta yi aiki ba tare da intanet ba, a haɗa ta da faifan sola, ta tambaye shi abin da ya shafi yaron da ke gabansa kawai. In ta ce a tura yaro Djougou, ta faɗi dalili yadda zai iya maimaita wa uwar da Dendi, Yom ko Hausa.