Hirar Wata: Dodon Ɗakin Littattafai

A gidajen malamai na dā akwai wani ɗaki da yara ba su shiga. Ƙofarsa kullum a rufe take. A ciki akwai littattafan kaka da kakanni, cikin gafaka da tsofaffin akwatuna. Idan yaro ya matsa kusa, sai wata tsohuwa ta daka masa tsawa: "Kai, ɗan nan, dawo! Akwai dodo a ciki." Wasu su ce maciji ne baƙi ya naɗe bisa littattafan. Wasu su ce aljani ne yake gadi. Yaron ya girma, ya yi furfura, bai taɓa leƙa ɗakin ba.

Hirar wannan wata a kan wannan dodo take. Wane ne shi? Kuma me yake ci?

Dodon kowace ƙasa

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da irin wannan labari ba. Turawa suna da tatsuniyar wani ƙaton maciji mai fukafukai, mai fitar da wuta ta baki, wanda yake kwanciya bisa tarin zinariya ya hana kowa taɓawa. Masu ƙaga labarai na zamani har sukan ɗauke shi daga kan zinariya su kwantar da shi cikin ɗakin karatu.

A Daura, maƙwabciyar Damagaram, kowa ya san labarin macijin rijiyar Kusugu. Ana ce masa Sarki. Ba ya barin mutane su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. Tsofaffi kuma sukan ba da labarin Gajimare, macijin da suke cewa yana zaune cikin rijiya ko cikin suri, ya fito ya shanye hadari.

A ƙasashen Larabawa da Farisa da Turkiyya, marubuta na dā sukan rubuta "Ya Kabikaj" a farkon littafi ko a ƙarshensa. Wasu sun ce Kabikaj aljani ne mai tsaron takardu. Wasu sun ce sarkin kyankyasai ne, idan ƙwari suka ga sunan sarkinsu sai su ji kunya su bar littafin. Da masana suka bincika, sai suka tarar Kabikaj sunan wata ciyawa ce mai dafi, a harshen Farisa. Ana jin dā ciyawar ce ake amfani da ita don korar ƙwari. Daga baya aka bar ciyawar, aka riƙe sunan kawai.

Turkawa har suna da labarin ban dariya a kan haka. Almajiri ya kawo wa malaminsa littafi duk huji. Malam ya ce, "Ba ka rubuta sunan Kabikaj ba?" Almajiri ya ce, "Na rubuta, Allah gafarta Malam. Ai shi suka fara ci."

Dukiyar da ke Damagaram

Maganar littattafai ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Wanda ya kafa gidan sarautar, kusan shekara 300 da suka wuce, malami ne, shi ya sa ake kiransa Malam. A zamanin Sarki Tanimu, daga 1851 zuwa 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, kasuwanci ya bunƙasa. Ayarin raƙuma yana tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Agadas, ya sauka a Zango kafin ya wuce Kano. Cikin kayan da ayari yake kawowa har da takarda. Wata takardar a ƙasar Italiya aka yi ta. Idan aka ɗaga ta wajen haske, sai a ga tambarin jinjirin wata guda uku.

Takardar da ta yi watanni bisa raƙumi ba ta da arha. Malami ya haɗa tawada da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin kara, ya zauna wata da watanni yana kwafar littafi guda. Haka aka rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, da wasiƙun sarakuna, da hukuncin alƙalai, da lissafin bashin fatake, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Da yawa daga cikinsu ba su da na biyu a duniya. Idan ɗaya ya lalace, ya tafi ke nan.

Dodon gaskiya

Idan aka buɗe irin wannan ɗaki bayan shekaru, ba a tarar da maciji mai fukafukai. Amma akan tarar da aikin dodo. An ɗaga gafaka, fatar tana nan lafiya. An buɗe, cikinta ƙasa ce da gari. Gara ta gama da shi.

Tsofaffi da suka ce dodo yana cikin suri ba su yi nisa da gaskiya ba. Uwar gara tana kwance can ƙarƙashin ƙasa, tana zuba dubban ƙwai a rana guda. Ƴaƴanta ba su son haske. Suna gina hanyar laka a jikin bango, su hau a ɓoye. Abincinsu itace ne da kara da ciyawa. Takarda kuwa da tsumma ko da itace ake yin ta, don haka a wurin gara littafi da karan dawa duk ɗaya ne. Abin da ta fi so shi ne wuri mai duhu, mai laima, inda ba a motsa kaya. Ɗakin da tsoro ya rufe, shi ne gidan da take nema.

Gara tana da abokan aiki. Kusu yana yaga takarda ya yi sheƙa. Kyankyaso yana lasar ƙaro da tawada. Ga wuta: fitila ko ashana guda ta isa. Ga kuma ruwa. Ranar 3 ga Satumba 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Ruwan da ya kayar da masallaci ba zai ji nauyin ɗakin da aka daina yi wa yaɓe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma dodo mai ƙafa biyu. A watan Janairu 2013, ƴan bindiga da suka mamaye Tumbutu, a ƙasar Mali, sun ƙona ko sun kwashe littattafan hannu wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Amma mafi yawan littattafan garin sun tsira. Ba aljani ne ya tsare su ba. Mutanen gari ne suka zuba su cikin akwatunan ƙarfe, suka fitar da su a ɓoye, ta mota da ta jirgin ruwa, har Bamako.

Yadda ake korar dodo

Manomi ya riga ya san maganin, domin kowace shekara yana yaƙi da gara a rumbunsa. Abin da ake yi wa hatsi shi za a yi wa littafi.

A ɗora akwatin bisa duwatsu ko bisa benci, kamar yadda ake ɗaga rumbu daga ƙasa. Kada ya jingina da bango. Akwatin ƙarfe ya fi na katako.

Kafin damina a duba rufin ɗaki da indararo, a toshe inda ke yoyo.

Bayan kaka, idan iska ta bushe, a fito da littattafai a sha musu iska a inuwa. Kada a shanya su a rana, domin rana tana sa takarda ta yi ƙamas ta karye. A kaɗe ƙura a hankali da tsumma mai laushi, da hannu mai tsabta.

A sa busasshen ganyen dogon yaro cikin ƙyalle, a ajiye a kusurwar akwati. A sake shi kowace shekara. Kada a fesa maganin ƙwari na gona bisa takarda.

Duk inda aka ga hanyar gara a bango, a kankare ta nan take, a bi ta har tushe.

Takardun da suka rabu, kada a hargitsa jerinsu, kada kuma a liƙa su da gam. Mai salula ya ɗauki hoton kowane shafi. A Yamai, cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen littattafan Larabci da ajami, wanda Bubu Hama ya fara tara wa littattafai. Akwai dubbai a can, da ma'aikatan da suka san gyaransu.

Wannan gargaɗi ba na malamai kaɗai ba ne. Yau manomi yana da takardar gona. Makiyayi yana da takardar allurar dabbobi. Yara suna da takardar haihuwa da littattafan lakwal. Wanda ya soke takardar gonarsa a jikin azara ya manta da ita, ranar da rigimar iyaka ta tashi zai je gaban hukuma da garin ƙasa a hannu.

Tsohuwar da ta ce akwai dodo ba mugunta ta yi ba. Tana tsoron kada yaro ya yaga abin da bai san darajarsa ba. Amma macijin Kusugu bai shanye rijiya ba, hana mutane sha ya yi. Littafin da ba a buɗewa rijiya ce mai maciji. Yanzu da manya da yara suke koyon karatu, da boko da ajami, lokaci ya yi da za a nemi izinin dattijon gida, a buɗe ƙofa, a share ɗaki, a kira wanda ya iya ya karanta wa jama'a abin da kakanni suka bari. Littafin da hannu yake taɓawa kowane wata, gara ba ta samun sukunin cinsa.

Allah ya kai rai wata mai zuwa.